Rikodar Da Mai Gyaran Waya Zai Iya Haɗawa A Jimeta

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban dattijo da waya a hannu don ya naɗi tarihi ya san inda abin yake ɓaci. Tsoho ya yi nisa cikin labarin yadda Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, bakinsa ya fara zafi, sai ga kira ya shigo, naɗin ya yanke. Wata rana caji ne zai mutu, wata rana wayar ta ce ta cika don hotunan biki sun cinye wurin. In an yi sa'a an gama lafiya, sai a tura wa 'yan uwa ta WhatsApp, bayan shekara a sayar da wayar, a nemi murya a rasa.

A Adamawa wannan asarar ta fi ciwo, domin jiha ce mai harsuna da yawa, kuma mafi yawan abin da ke cikinsu a ka yake, bai hau takarda ba. Akwai Fulatancin fadar Lamiɗo, akwai Bachama a Numan, Chamba a Ganye, Lunguda a Guyuk, Kilba a Hong, Higi a Michika, Margi a Madagali. Tun 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya kori jama'a daga Mubi da Michika da Madagali, tsofaffi da yawa suka sauka a Yola da Jimeta, wasu ba su koma ba, jikokinsu kuwa da Hausa suke tashi. Sa'ad Abubakar ya fitar da littafinsa kan tarihin Lamiɓen Fombina, wato sarakunan Adamawa, a 1977, a zamanin rikodar kaset. Yau yaron da ya iya riƙe ƙarfen soda zai iya haɗa rikodar da ta fi ta kaset tsabtar murya.

Ƙashin bayan aikin wata 'yar kwamfuta ce da ake kira Raspberry Pi. Ba ta da madubi, ba ta da madannai, ba ta da akwati. Koren fanel ne guda ɗaya irin wanda ake gani in an buɗe rediyo, amma duk abin da ke sa kwamfuta ta zama kwamfuta yana kansa. Eben Upton da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka fito da ita a Fabrairun 2012 a kan dala 35, da niyyar yara su sami abin koyon sarrafa kwamfuta wanda in ya lalace ba za a yi kuka ba. A 2015 aka fito da ƙaramarta mai suna Zero a kan dala 5, sai Zero W mai kama intanet a 2017 a kan dala 10, sai Zero 2 W a 2021 a kan dala 15. Tsawon Zero santimita 6.5, faɗinta 3, ba ta kai katin cirar kuɗi ba. Kada farashin ya ruɗi mai karatu: kuɗin masana'anta ke nan, kafin ta iso Legas ta hau mota zuwa Jimeta ta ƙara nauyi sosai.

Abin da sabon shiga ya fi mantawa shi ne wannan kwamfuta kurma ce. Ba ta da ramin da ake soka makirufo. Sai an yi mata kunne, kuma hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce a sayi ɗan katin sauti na USB, mai kama da filashi, a soka shi ta kebul ɗin OTG da masu waya suka sani, sannan a soka masa makirufo irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga. Ɗayar hanyar ita ce a sayi ɗan mitsitsin makirufo irin INMP441, wanda da kansa yake mai da sauti lamba, a haɗa shi da siraran wayoyi kai tsaye a kan ƙafafu 40 da ke gefen fanel. Ta biyun ta fi ƙanƙanta da ƙarancin cin wuta, amma tana son hannun da ya saba da soda. Ni dai na fi son ta farko, don makirufo mai igiya yana zuwa kusa da bakin mai magana, na'urar kuma tana can gefe ba ta ɗauke masa hankali.

Yadda murya take zama lamba ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne bambancin yake. Magana kaɗawar iska ce. Makirufo yana mai da kaɗawar ta zama wutar lantarki mai hawa da sauka, katin sauti kuma yana auna tsayin wutar sau 48,000 a kowace daƙiƙa, yana rubuta kowane awo da lamba ɗaya daga cikin matakai 65,536. In an ajiye lambobin nan duka ba a taɓa su ba, shi ne fayil ɗin WAV. Awa ɗaya ta makirufo guda tana cin kimanin megabait 345, wato katin memori mai gigabait 32 zai ɗauki kusan awa 80 bayan an cire wurin manhaja. Saƙon murya na waya kuwa matse shi ake yi, a zubar da abin da aka ƙiyasta kunne ba zai lura da shi ba, don ya yi sauƙin tafiya. Gaisuwa ba ta damu da wannan ba. Amma Margi harshe ne da masana suka san shi da yawan baƙaƙe masu kama da juna tun da Carl Hoffmann ya rubuta nahawunsa a 1963, kuma hawa da saukar murya na canza masa ma'ana kamar yadda yake a Hausa. Wanda zai zo bayan shekara hamsin ya saurara ba zai iya dawo da abin da aka zubar ba.

Sauran haɗin ba wuya. Ana zuba manhajar Raspberry Pi OS mara hoto a kan katin memori, a cikinta akwai ɗan umarni mai suna arecord wanda shi ke naɗar sauti. Sai a rubuta 'yan layuka da Python: in an danna maɓalli ta fara, 'yar jar fitila ta kama, in an sake dannawa ta tsaya. Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei ko a Jami'ar Amurka ta Najeriya zai gama wannan tsakanin azahar da la'asar. Wuta kuwa fawa bank ce ta waya. Mai lamba 10,000 in mai kyau ce tana riƙe Zero yini guda har da ƙari. Akwati ma robar sabulu ta isa.

Daga nan ake fara cin karo. Wasu fawa bank suna kashe kansu in abin da aka soka bai ja wuta sosai ba, suna zaton waya ta cika. Sai an gwada a gida awa biyu ko uku kafin a fita da ita. In wuta ta yanke ana cikin rubutu, fayil na iya lalacewa, wani lokaci har katin gaba ɗaya, shi ya sa ake umartar arecord ta riƙa rufe fayil duk minti goma tana buɗe sabo, a kuma sa maɓallin kashewa cikin natsuwa, ba fizge kebul ba. Sannan Zero ba ta da agogon da ke ci gaba da tafiya in an kashe ta. In babu intanet ba ta san ranar da take ciki ba. Ana iya ƙara mata ɗan agogo mai batir irin DS3231, amma maganin da ba ya cin ko kwabo shi ne mai naɗi ya fara da bakinsa: yau ranar kaza, a unguwa kaza, ina tare da wane, zai yi magana da harshe kaza, kuma ya yarda a naɗa. Wannan yardar ba ado ba ce. Akwai waƙoƙin da na tsafi ne, akwai tarihin gida da mai shi bai so ya ji shi a rediyo ba, sai a tambaya tun farko wa ya halatta ya saurara.

Gaskiyar da masu son na'ura ba sa son ji ita ce kwamfutar ce mafi ƙarancin muhimmanci a duk lamarin. Makirufo da wurin zama su ne riba. A watan Maris da Afrilu zafin Yola yana haura digiri 40, ba wanda zai so a kashe masa fanka, amma fanka da janareton maƙwabci da Keke Napep na kan titi duk makirufo yana jin su fiye da yadda kunne yake ji. Ɗakin siminti mai rufin kwano wanda ba kaya a ciki yana amsa kuwwa. Ɗakin ƙasa mai tabarmi da labule ya fi shi nesa ba kusa ba. A zo da sassafe kafin gari ya tashi. A maƙala makirufo kamar taƙi ɗaya daga baki, a sa masa ɗan soso saboda iskar hunturu, a nisanta wayoyi don kada su sa masa ƙugi, a kashe intanet ɗin na'urar. A naɗi minti ɗaya a saurara da abin kunne kafin a saki tsoho ya fara.

Wani zai ce ai akwai rikodar kanti irin Zoom da Tascam, kuma gaskiya ne, sun fi katin sauti mai araha tsabta, wanda yakan bar ɗan shuu a ƙarƙashin murya. Mai kuɗinsu ya saya, ban ga laifinsa ba. Abin da haɗin gida ya fi su shi ne in rikodar ta lalace ba a jiran kaya daga waje sai na ɓangaren da ya mutu, mai gyaran waya a Jimeta zai canza kebul ko maɓalli nan take. Kuma maɓallin naɗinta ɗaya ne, ana iya barin ta a hannun jika a Ganye ko Guyuk har mako guda, kaka ta yi tatsuniyarta da dare yadda ta saba, babu baƙon da ya sa ta gyara murya.

In an dawo gida, a cire katin a kwafe shi a daren nan, kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wani faifan da za a ajiye a wani gida daban. Mutanen bakin Binuwai da suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 sun san dalilin wannan. Kwafi na uku na mai muryar ne, a zuba masa a katin da rediyonsa mai ɗaukar memori zai iya karantawa.