Idan dillali ya cuce ka a cinikin gida, wa za ka riƙe?

Sau da yawa mai sayen gida a Kano ko Kaduna ba ya ganin mai gidan sai ranar biyan kuɗi, wani ma ko a ranar ba ya ganinsa. Dillali ne ke kai-kawo, shi ke cewa "Alhaji, takardu lafiya lau", shi ke karɓar kafin alƙalami, ya kuma cire la'adarsa. Sai an gama fenti magada su ɓullo su ce ba a raba gado ba, ko banki ya ce gidan jingina ne a hannunsa.

Yawancin mutane caji ofis suke garzayawa. Hakan daidai ne idan zambar a fili take, kamar takardar jabu ko sayar wa mutum biyu gida ɗaya. Sashe na 320 na kundin Penal Code na Arewa ya bayyana laifin zamba, EFCC kuma na gurfanar da irin waɗannan mutane da dokar damfara ta 2006. Sai dai ɗan sanda ba mai karɓo bashi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki kawai.

Tambayar da ta fi muhimmanci, a ganina, ita ce: da yawun wa dillalin ya yi magana? Idan mai gidan ne ya wakilta shi, ƙaryar da ya shara wajen tallan gidan tana iya hawa kan mai gidan. Mai saye na da ikon neman kotu ta warware cinikin, a mayar masa da kuɗinsa, har da diyyar abin da ya kashe. Nan ne ake samun abin kamawa, domin mai gida na da kadara, dillali kuwa watakila babur ne da waya duk arzikinsa. Idan kuwa ba wanda ya sa shi, ko wanda ya sayar ba shi ne mamallaki ba, gidan zai koma hannun mai shi, domin mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba. Sai a bar ka da dillalin kaɗai.

Rikicin mallakar filin da gwamna ya ba da takardarsa, Babbar Kotun jiha ce ke da hurumin sauraronsa, bisa sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Dokar ta kuma wajabta amincewar gwamna kafin a sauya mamallaki, matakin da mutane ke tsallakewa don gudun kashe kuɗi, kamar yadda suke tsallake binciken fayil a hukumomin filaye, KANGIS ta Kano ko KADGIS ta Kaduna. Akwai hukumar ESVARBON mai ladabtar da ƙwararrun harkar gidaje da ta yi wa rajista, amma dillalan bakin titi ba sa cikin littafinta.

Kotu hujja take nema, ba rantsuwar abokai ba. Rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, yarjejeniya mai sa hannun shaidu, har saƙon murya na WhatsApp da ya ce "ba rigima a gidan", duk suna iya shiga, tunda Dokar Shaida ta 2011 ta amince da bayanan na'ura. Kada dai a daɗe ana "a yi haƙuri, zai biya": dokokin jihohi sun sa wa'adin shigar da ƙara, idan ya wuce kotu ba za ta saurare ka ba.