Fayil Ɗin Da Ka Goge Bai Bar Gida Ba

Da wuya a samu mai kwamfuta da bai taɓa cin karo da gargaɗin cewa ma'ajiyarsa ta cika ba. Sai ya duƙufa goge hotuna da finafinai, ya duba ya tarar wurin bai ƙaru ba. Na lura yawancinmu mun ɗauki faifan kwamfuta tamkar rumbu, da ka kwashe hatsi sai wuri ya samu. A gaskiya ya fi kama da gidan haya mai littafin rajista.

Tsarin NTFS da Windows ke aiki da shi yana yanka faifai zuwa ƙananan ɗakuna, galibi kilobayit 4 kowanne, yana kuma riƙe da littafin da ke nuna wane fayil ne ke zaune a wane ɗaki. Fayiloli biyu ba sa haɗa ɗaki, don haka fayil mai kilobayit 5 kan cinye 8. Idan ka goge fayil, kwandon shara yake komawa, ɗakunansa na hannunsa. Ko ka zubar da kwandon, sunansa kawai aka soke a littafi. Kayansa na nan har ranar da sabon fayil zai zo ya danne su.

Akwai kuma 'yan hayan da mai gida bai san da zamansu ba. Fayil ɗin hiberfil.sys, wanda ke riƙe aikinka idan kwamfuta ta yi dogon barci, yakan ci gigabayit da dama. Bayan an ɗaukaka Windows zuwa sabon zubi, tsohon kan zauna a jakar Windows.old na kwana 10. A Linux, tsarin ext4 kan keɓe kashi 5 cikin 100 na faifai ga shugaban na'ura. Shi kuwa faifan terabayit 1 da ke nuna gigabayit 931, ba ha'inci aka yi maka ba: masana'anta da 1,000 take ƙirga, Windows da 1,024.

Abin da ya fi damuna ba cikar wuri ba ne, domin manhajar Disk Cleanup na iya rage wannan cikin 'yan mintuna. Damuwata ita ce kwamfutocin hannu da muke sayarwa bayan "gogewa". A tsohon faifai mai juyawa, manhajar kyauta kan dawo da hotunan iyali, takardun banki da bayanan ɗalibai ko na majinyata, ko da an yi masa gajeren fomat. Faifan SSD ya bambanta, domin umarnin TRIM kan sa ya share ɗakunan da aka saki, amma ni ban yarda mutum ya jingina sirrinsa da wannan kaɗai ba.

Kafin kwamfuta ta bar hannunka, ka mayar da Windows sabo ta hanyar saitinsa, ka kunna zaɓin tsabtace faifai gaba ɗaya. Yana iya ɗaukar sa'o'i, saboda haka ka fara tun da dare, caja na jone.