Jirgi Ya Koma Aiki, Gaban Wasu Bai Daina Faɗuwa Ba

Tun da aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kano zuwa Kaduna a 2021, ga kuma wanda zai ratsa Katsina ya kai Maraɗi, zancen jirgin ƙasa bai bar bakin mutanen Fagge da Sabon Gari ba. Masu shaguna da 'yan dakon da ke kewayen tsohuwar tashar Kano, wadda jirgi ya fara isowa a 1911, suna fatan harka ta farfaɗo kamar zamanin dalar gyaɗa. Amma a cikin masu hirar ba a rasa wanda zai ce, "Ni da jirgi haihata-haihata." Sai a kwashe da dariya, a ce masa matsoraci. Dariyar nan ce ba ta dace ba.

A daren 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka tare jirgin Abuja zuwa Kaduna kusa da Katari, suka kashe wasu, suka kora fiye da mutum 60 cikin daji. Sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshe, jirgin kuma ya koma aiki a Disamba. Kano ma ta ga nata: hare-haren 20 ga Janairu 2012, bam ɗin tashar mota ta New Road a Sabon Gari a 2013, da na babban masallacin Juma'a a 2014. An gyara layi, an share wuraren, amma ba a tambayi yadda waɗanda suka tsira suke kwana ba.

Firgici yakan zo ne farat ɗaya. Mutum yana zaune lafiya, sai zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto, yatsu su yi sanyi, ya tabbatar a ransa cewa yau kwanansa ya ƙare. Cikin minti goma abin ya kai ƙololuwa, sannan ya fara sauka. Yana samun wanda ya ga tashin hankali, yana kuma samun wanda bai taɓa gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba iri-iri.

A nan ne muke kuskure. Da an ga haka sai a ce iska ce ta buge shi, ko an yi masa sammu, a hau turare da hayaƙi. Mafi ciwo shi ne a ce masa, "Ba ka da tawakkali." Mai salla biyar da azumin nafila yana kamuwa, kamar yadda yake kamuwa da hawan jini. Wanda aka ce imaninsa ne ya yi rauni ba zai ƙara faɗa wa kowa ba, zai ƙunshe abin a ciki yana cin sa. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne.

Abin da ke faruwa a jiki sananne ne. Akwai sashe a ƙwaƙwalwa da ke gadin haɗari. In ya hango barazana sai jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri domin mutum ya tsere. Saurin numfashin ne ke kawo jiri da mutuwar yatsu. Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ƙarar jirgi, cunkoson kasuwar Sabon Gari, fashewar taya, duk tsumma ne. Kuma duk ranar da mutum ya guje wa tsumma ya tsira, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara yarda cewa maciji ne.

Shi ya sa wahalar gaske takan biyo baya ne. Jiki ya mutu liƙis, barci ya ƙi zuwa, mutum ya wuni yana sauraron bugun zuciyarsa yana jiran dawowar abin. Yau ya daina shiga jirgi, gobe motar haya, jibi sahun tsakiya a masallaci, har duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya.

Matakin farko shi ne asibiti, a duba zuciya, jini, sukari da maƙoƙo, domin ciwon ƙirji ba abin wasa ba ne. In likita ya ce firgici ne, a yarda. Idan abin ya taso, a zauna, a ja numfashi ta hanci a hankali, a sake shi a tsawon da ya fi na ja, ana tuna wa kai cewa zai wuce. A rage goro, kofi da lemon ƙara kuzari. Sannan a koma wurin da ake tsoro kaɗan-kaɗan: yau a tsaya bakin ƙofar tasha tare da ɗan'uwa, wani satin a shiga ciki a zauna har gaba ya daina faɗuwa. Wannan ita ce hanyar da masana halayyar ɗan'adam ke bi da majiyyata. Ƙwayar barci irin diazepam da ake saya a kemis ba da takardar likita ba tana kwantar da hankali na dare ɗaya, ta bar mutum da jarabarta. Mun ga abin da kodin ya yi wa matasa da matan aure kafin a hana shi a 2018.

Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Sai dai a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, irin waɗannan likitoci 'yan ɗaruruwa ne. A 2023 aka samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a madadin ta 1958, amma mai fama a Fagge yana buƙatar ganin ta a ƙaramin asibitin unguwarsu: ma'aikacin da zai gane alamun, ya saurare shi, ya tura shi inda ya dace. Gwamnatin da ke kashe biliyoyi a kan layin dogo za ta iya horar da irin waɗannan ma'aikata. Kafin nan, aikin iyali ne da malamai su daina kiran mai fama matsoraci, su raka shi asibiti.