Idan an hana bizar ziyara: ina ƙofar ɗaukaka ƙara ga mutanen arewacin Zamfara?

Mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi sun saba da tsarin shari'a mai hawa-hawa, inda wanda bai gamsu da hukuncin alƙalin ƙaramar kotu ba yake iya kai kukansa babbar kotun shari'a, daga nan kuma zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci da ke Gusau. Saboda wannan sabo, idan aka hana dattijo ko dattijuwa bizar zuwa Birtaniya domin ganin ɗa mai aikin likita ko 'ya mai karatun digiri, abin da dangi suke fara tambaya shi ne wace kotu za a nufa. Amsar ba ta da daɗi, domin kotun tana nan, amma ƙofar da masu ziyarar dangi suke bi su shiga an rufe mafi yawanta tun shekarar 2013, kuma mutane da dama suna kashe kuɗinsu wajen dillalan biza a kan alkawarin ƙarar da doka ba ta ba su damar shigarwa ba.

Bizar ziyara izini ne na shiga Birtaniya na ɗan lokaci, wanda yawanci bai wuce wata 6 ba, kuma ba ya halatta wa mai shi yin aiki ko zama na dindindin. Mai nema daga Zamfara yakan cika takarda ta intanet, ya biya kuɗin da ya haura fam 100, sannan ya yi tafiya zuwa cibiyar karɓar takardu a Abuja ko Legas domin a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Wanda ke yanke hukunci jami'in Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ne, wanda a mafi yawan lokaci bai taɓa ganin mai neman ba, kuma abin da dokar shige da fice ta ɗora masa shi ne ya gamsu cewa mai ziyarar na gaskiya ne, wato zai koma gida idan wa'adinsa ya cika, ba zai mayar da yawan ziyara hanyar zama a ƙasar ba, kuma akwai kuɗin da zai ɗauki nauyin tafiyarsa.

Haƙƙin ɗaukaka ƙara a kan wannan hukunci ya sha zuwa ya sha tafiya. An soke shi ga masu ziyara a 1993, aka dawo da shi a watan Oktoba na 2000 ga waɗanda za su je ganin dangi kawai, kuma a wancan zamani ma'anar dangi tana da faɗi, domin ta haɗa da kawu da baffa da gwaggo da inna da 'ya'yansu. A watan Yuli na 2012 aka cire waɗannan daga lissafi, sannan daga 25 ga Yuni 2013 wata sabuwar doka ta kawar da cikakken haƙƙin gaba ɗaya. Hujjar gwamnati ita ce ƙararrakin sun kai dubun-dubata a shekara, kowace tana ɗaukar watanni, alhali sabuwar takardar nema ana iya yanke mata hukunci cikin makonni 3. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya ta fuskar lokaci, amma ta kauce wa babban al'amari, domin sake nema yana mayar da mutum hannun ma'aikatar da ta ƙi shi, ɗaukaka ƙara kuwa tana kai shi gaban alƙali mai zaman kansa, kuma a zamanin da ƙofar take buɗe masu ƙara da yawa sun yi nasara.

Abin da ya rage a yau shi ne ƙarar da ta dogara kan haƙƙin ɗan Adam. Tun daga Afrilu na 2015, kotun shige da fice ta matakin farko, wadda aka kafa a siffarta ta yanzu a 2010, tana sauraron mai ziyara ne kawai idan abin da aka ƙi ya ƙunshi da'awar haƙƙin ɗan Adam, kuma kusan kullum ana nufin sashe na 8 na Yarjejeniyar Turai kan Haƙƙin Ɗan Adam, wanda ya wajabta wa hukuma mutunta rayuwar iyali. Wanda takardar ƙinsa ta nuna yana da wannan dama yana da kwana 28 daga ranar da ya karɓi hukuncin domin ya shigar da ƙara. Kuɗin da aka sa a 2011 shi ne fam 80 idan alƙali zai duba takardu kawai, da fam 140 idan za a yi zama, kuma tun da mai ƙarar yana Najeriya, ɗan'uwansa da ya gayyace shi ne yakan tsaya gaban alƙali ya amsa tambayoyi. Idan aka ga alƙalin ya yi kuskure a fassarar doka, ana iya neman izinin zuwa babbar kotun shige da fice.

A nan ne zumuncin Bahaushe da iyalin da dokar Turai ta sani suke rabuwa. Kotunan Birtaniya sun daɗe da tsayawa a kan cewa tsakanin miji da mata, ko tsakanin iyaye da ƙananan 'ya'yansu, rayuwar iyali tabbatacciya ce, amma tsakanin manya, kamar uwa da ɗanta mai shekara 40 ko wa da ƙanwarsa, ƙauna da kewa ba su isa ba, sai an nuna dogaro na haƙiƙa wanda ya zarce abin da aka saba gani. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a kan wata 'yar Najeriya da ta so ziyartar ɗan'uwanta, da kuma wata 'yar Saliyo da ta so ziyartar danginta, inda a duka biyun ta ce dangantakar ba ta kai matsayin da sashe na 8 yake karewa ba. Ga mutumin Zurmi, wanda gwaggonsa ce ta goye shi, kawunsa ya biya masa kuɗin makaranta, kuma halartar suna da biki da zaman makoki wajibi ne da ake ƙullatar wanda ya bari, wannan ma'auni yana da ƙunci ƙwarai, kuma zalunci ne a ce uwar da ke son zuwa wankan jegon 'yarta ba ta da wata kotu da za ta saurare ta.

Ƙuncin bai tsaya a ma'anar dangi ba, ya shafi irin shaidar da ake karɓa. Jami'in biza yana auna niyyar komawa gida ne da takardu: bayanin asusun banki na watanni, takardar albashi, shaidar mallakar gida ko gona. Malamin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda yana iya kawo waɗannan ba tare da wahala ba, amma dillalin shanu ko ɗan kasuwar hatsi na Shinkafi, wanda wataƙila ya ninka malamin dukiya, cinikinsa hannu da hannu ne, dukiyarsa tana cikin garke da rumbu da bashin da yake bin abokan ciniki, gonarsa kuma gado ce da unguwa duka ta shaida amma babu takardar gwamnati a kanta. Idan dangi suka haɗa masa kuɗi, ko ya kwashi adashi ya zuba a asusu ana saura mako guda ya nemi biza, jami'in yakan rubuta cewa ba a bayyana asalin kuɗin ba, don haka bai gamsu cewa na mai neman ne ba. Haka nan bambancin rubutun suna tsakanin fasfo da katin ɗan ƙasa da asusun banki, kamar Muhammadu a nan da Mohammed a can, yana haifar da shakku. Sannan ƙa'idojin ma'aikatar sun ba jami'i damar duba halin tsaro da tattalin arzikin inda mutum ya fito, ta yadda hare-haren 'yan bindiga da suka addabi yankin, har suka kai ga rufe kasuwannin mako da katse layukan waya a shekarar 2021, suna iya zama dalilin zaton cewa wanda ya fita ba zai dawo ba. Wani rahoto da ƙungiyoyin 'yan majalisar Birtaniya suka fitar a 2019 ya gano cewa yiwuwar a ƙi ɗan Afirka ta ninka ta sauran masu nema fiye da sau biyu, kuma a 2020 ma'aikatar ta jingine wata manhajar tantance takardu da ke la'akari da ƙasar mai nema, bayan an ƙalubalance ta a shari'a.

Akwai hanya ta biyu da ake kira bitar shari'a, wadda ba ɗaukaka ƙara ba ce, domin alƙali ba ya sake auna ko mutumin ya cancanci biza, yana duba ne kawai ko jami'in ya bi doka, ko ya yi watsi da takardar da ke gabansa, ko ya yanke hukuncin da hankali ba zai ɗauka ba. Dole a shigar da ita cikin wata 3, kuma kafin nan lauya yakan aika wa ma'aikatar wasiƙar gargaɗi yana ba ta kwana 14 ta gyara, wadda a wasu lokuta ita kaɗai take sa a janye hukuncin a sake dubawa. Hanya ce mai tsada, kuma wanda ya faɗi yana iya biyan kuɗin lauyoyin gwamnati. Ta fi dacewa da wanda aka zarga da gabatar da takardar ƙarya, domin wannan zargi yana iya jawo haramcin shiga ƙasar na shekara 10, kuma sau da yawa dillali ne ya cusa takardar bogi ba tare da sanin mai neman ba. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen sun bambanta, domin dokarsu ta wajabta ba wa wanda aka ƙi damar ƙalubalantar hukuncin, Amurka kuwa ba ta da ɗaukaka ƙara a kan bizar ziyara.

Ga mafi yawan iyalai, abin da ya rage shi ne sake nema, kuma babu wa'adin jira da doka ta gindaya. Sai dai takardar ƙin farko tana nan a ajiye, wajibi ne a ambace ta a sabuwar takarda, kuma a amsa dalilanta ɗaya bayan ɗaya: idan an yi shakkar kuɗi, a kawo rasidin sayar da shanu ko hatsi da bayanin wanda ya turo kowane babban kuɗi, idan ɗan da ke can ne zai ɗauki nauyi, ya faɗa a fili ya haɗa da takardun albashinsa da na gidan da yake zaune, idan sunaye sun saɓa, a yi rantsuwar kotu a daidaita su kafin a kama hanyar Abuja.