A Koya Wa Ma'aikatan Masauki Aikin Juna

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu gidajen saukar baƙi na ƙasarmu, watau Ikara da Makarfi da Kudan.

Kowa ya sani ƙasar nan ta rake ce da barkono da tumatir. In lokacin saran rake ya yi, fatake su kan zo daga nesa, waɗansu su kwana biyu ko uku kafin motarsu ta cika. Masaukanmu kuwa ƙanana ne, mutum huɗu ko biyar ke riƙe da gida ɗaya. To, in ɗayansu ya faɗi ciwo, ko ya tafi gona, yaya gidan zai kasance?

Ni na gani da idona. Wata rana aiki ya kai ni wani gari cikin ƙasar nan, na isa masauki bayan lisha, na tarad da baƙi biyu zaune a kan benci cikin duhu. Akawun gidan an yi masa rasuwa, ya tafi ƙauyensu. Ga makullai rataye, ga littafin baƙi a kan tebur, amma mai gadi bai san ɗakin da ba kowa ba, bai kuma iya rubuta rasit ba. Kuku yana nan, sai dai bai taɓa ta da janareta ba. Baƙin nan biyu suka gaji, suka koma tasha suka kwana cikin mota. Ban ga laifin mai gadi ko na kuku ba, domin ba wanda ya taɓa nuna musu.

A ganina wannan al'ada daga gidajen Turawan mulki muka gaje ta, inda a kan ɗauki kuku dabam, boyi dabam, mai wanki dabam, kowa yana ganin ƙasƙanci ne ya taɓa aikin wani. Alhali kuwa a zangon fataken goro ba haka a ke yi ba. Yaron fatoma shi zai tarbi baƙo, ya sauke masa kaya, ya kawo ruwa da tuwo, gobe ya raka shi wurin dillali. Har a Turai ma, César Ritz, wanda ya buɗe babban otal nasa a Faris cikin 1898, da kai wa baƙi abinci a tebur ya fara.

Abin da na ke nufi ba shi da wuya. A ware rana ɗaya cikin mako, lokacin da baƙi suka yi ƙaranci, mai shara ya zauna wurin akawu ya ga yadda a ke rubuta sunan baƙo da karɓar kuɗi, akawu kuma ya shiga ɗaki ya koyi shimfiɗa zanen gado. Ta da janareta da kashe gobarar kicin kuwa, lalle kowa ya iya su, har mai gidan kansa. Akawun da ya taɓa wanke makewayi da hannunsa ba zai ƙara tura baƙo ɗakin da ba a gyara ba, ba kuwa zai yi wa mai shara tsawa a banza ba.

Na san wani zai ce taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiya ne, ban kuwa ce mai gadi ya zama gwanin dafuwa ba. Kowa ya riƙe sana'arsa, ya ƙara da abin da zai tare gida kwana ɗaya ko biyu. Amma fa ina jan kunnen masu gida: wanda ya sallami mutum ɗaya ya ɗora aikinsa a kan na biyu, albashi bai motsa ba, wannan ba horo ya yi ba, zalunci ya yi, yaran kuwa za su gudu su bar shi. Wanda ya iya aiki biyu, a ƙara masa wani abu, a kuma rubuta masa takardar shaida wadda zai nuna in ya nemi aiki a Zariya ko Kano.

Ana koyar da aikin otal a Kwalejin Fasaha ta Kaduna. Ina ba masu masaukanmu shawara su haɗa kuɗi su ɗauko malami ɗaya daga can lokacin hutu, ya zaga Ikara da Makarfi da Hunkuyi, mako ɗaya ɗaya, kafin saran rake na bana.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Makarfi.