Gano Illolin Bawul Mai Mayar da Hayaƙi cikin Injin Mota: Jan Hankali ga Kanikawan Birnin Zariya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda za a gane ciwon bawul ɗin da ake kira EGR kafin a kai hannu ga sifana. Yawancin motocin da ke shiga ta Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo na hannu ne, daga Turai ko Amurka, kuma da dama daga cikinsu suna ɗauke da shi.

2.0 Aikinsa

An fara sa shi a motocin Amurka a wajen 1973. Idan zafin ƙonewar mai ya haura kimanin digiri 1,370 a ma'aunin Salshiyos, sai a sami iskar naitirojin-okzayid, mai cutar da huhu. Bawul ɗin yakan debi kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na hayaƙin salansa, a injin fetur, ya mayar cikin silinda domin rage zafin. Ƙa'idarsa ita ce ya kasance a rufe idan inji na silo ko bai ɗumama ba.

3.0 Rarrabe Ciwo

Kunkunniya ce babbar abokiyar gabarsa, kuma tafiyar hawainiya a lungunan birni tana ƙara tara ta. Ciwon iri biyu ne:

(a) Idan ya maƙale a buɗe, inji zai riƙa karkarwa a silo, ya yi ta mutuwa a tsaye.

(b) Idan ya maƙale a rufe, ko hanyarsa ta toshe, silo zai yi daidai, amma a ji ƙara kas-kas yayin hawan tudu ko jan kaya.

Motocin Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da kafar da ake jona na'urar bincike. Lamba P0401 tana nufin ƙarancin hayaƙin da ke komawa, P0402 kuwa yawansa. Sai dai mu lura, lambar ba ta ce bawul ya mutu ba. Tana iya fitowa saboda tsagaggen tiyo ko toshewar hanya. A nau'in da ke aiki da zuƙar iska, sai a buɗe shi da ɗan famfon hannu inji na silo: in ya shaƙe, hanya a buɗe take, in bai ko gezau ba, a toshe take ko bawul bai motsa ba.

4.0 Kammalawa

Mun sha ganin an canja fulogi da famfon mai a banza, ko an liƙe bakin bawul da gwangwani. Liƙewar takan kawar da karkarwa, amma tana barin fistin cikin zafi, maƙwabta kuma su shaƙi guba. Shawararmu ga malaman koyar da sana'a ita ce su horar da ɗalibai su saurari inji, su gwada, su wanke, sannan su sayo sabo in ya zama dole.