Inna 'Yar Zuru

Maganar rumbu ce ta kai ni ƙasar Kebbe bayan an gama yankan dawa. Na so in ga yadda manoman kudancin Jihar Sakkwato ke adana hatsi a wannan zamani da buhu da maganin ƙwari suka fara ture rumbun kara da rufewar laka, tsoron 'yan bindiga kuma ya hana mutane da yawa barin abincin shekara a bayan gari. Daga Sakkwato zuwa Tambuwal kimanin kilomita 100 ne a kan titin da ya nufi Jega. Daga wajajen nan sai a saki babban titi a shiga ƙasar da ta yi iyaka da Kebbi da Zamfara, inda tudu ke ba da gero da dawa, fadama kuma shinkafa da albasa. Mai gari ya karɓe ni da ruwa da fura, ya haɗa ni da wani magidanci ya zaga da ni.

Kowane rumbu muka tsaya a gabansa, sai ya faɗi mai shi da yawan bakin da ke ci daga ciki. Can gefen gari muka iske wani gida ƙofarsa a kulle, ciyawa ta cinye tsakar gidan, amma rumbun da ke jikin danga an yi masa sabuwar jinka, cike yake har wuya. Na tambaye shi na wane ne.

Ya ce, "Wanga na Inna ne. Ta rasu, amma ba mu bar zuba mata ba."

Duk kaka, in ji shi, waɗanda suka ci tuwon hannunta kowa kan kawo dami gwargwadon ƙarfinsa. Idan damina ta yi tsakiya, abinci ya ƙare a gidaje, daga nan ake ɗebar wa gwauraye mata da marayu, yadda ita ma take yi tana raye. Sai da muka wuce ya ƙara da cewa Innar Kirista ce, 'yar ɗarikar Katolika, kuma ita ta shayar da shi. Daga nan tambayoyina suka bar hatsi suka koma kanta.

'Yar ƙasar Zuru ce. Mijinta ya yi mata golmo, wato noman shekaru da saurayin Dakarkari kan yi wa surukai kafin a ba shi mata, daga baya ya koyi aikin jinya. A 1976 Zuru ta shiga cikin Jihar Sakkwato, kuma a wancan zamani ana tura malaman makaranta da malaman asibiti 'yan can zuwa ƙauyuka masu nisa. Haka suka sauka a wannan gari, shi yana riƙe da ɗan ɗakin shan magani, ita da goyo a baya. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, yawancin ma'aikata 'yan Zuru suka tattara suka koma gida. Su suka zauna. Sun riga sun mallaki gona, sun binne ɗa guda a ƙasar, mutanen gari kuma sun daina kiransu baƙi.

Wadda ta fi kowa saninta wata dattijuwa ce da katanga ɗaya ta raba ɗakunansu. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a inuwar dogon yaro.

Ta ce, "Malam, da sunka zo, ko ruwan randarta ba mu sha. Tsoro muke ji, ba mu san irinsu ba. Ita ko ba ta yi hushi ba. In an yi haihuwa, ita ka fara zuwa da itacen wanka. In an yi mutuwa, ita ka kwana a gidan. Kaza ma ba ta taɓa sa mata wuƙa ba, sai ta aika a kira Musulmi shi yanka, don kowa shi iya cin abincinta. A hankali munka ga mu ne muke cutar kanmu."

Ta ce sun yi shekara da shekaru suna jan carbi kusan lokaci guda, katanga tsakaninsu. Ita tana lazimi bayan magariba, Inna kuma ta tara 'ya'yanta a kan tabarma da nata carbin, suna bin addu'o'in da 'yan Katolika ke yi goma-goma har sau biyar. A watan Oktoba, da cocinsu ta keɓe wa wannan addu'a, ko baƙo ya zo sai ya jira a gama. Da azumin Ramadan, Inna ce ke buga katanga ta tashe ta sahur. Da nata azumin na kwana arba'in kafin Ista ya zo, maƙwabciyar kan cire nama daga miyar da za ta aika mata ranar Juma'a, don ta san ba ta ci.

Da yamma na koma wurin magidancin. Muka zauna a kan wani kututture a ƙofar gidansa, ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya fara.

Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa, cikin damina, ruwa ya yanke hanya, babu yadda za a kai ta babban asibiti. Malamin asibitin ya yi iya ƙoƙarinsa har gari ya waye. Kwana biyu ana ɗura wa jariri nonon akuya yana amayarwa. Inna, da ke goyon ɗiya 'yar wata huɗu, ta shiga gidan makokin ta ce a ba ta shi. Dangi suka rabu biyu, aka kai maganar wurin liman. Liman ya ce ceton rai ya fi gaban gardama, ya kuma bayyana musu hukuncin shayarwa: daga ranar, ɗiyar Inna ta zama 'yar'uwar yaron, babu aure tsakaninsu har abada. Ubansa fatake ne, yana bin kasuwanni har Jega da Gummi, don haka riƙon wata biyu ya koma na shekaru.

Ya ce, "Ina shekara biyar ta kama hannuna ta kai ni makarantar allo. Da kuɗin daddawarta ta sayo mani allo da tawada. Da asuba ni take fara tayarwa kafin ɗiyanta, ta ce tashi, an kira salla. In na yi nawa, ranar ba ni da kunu sai na yi. Sallar da duk ta zo, sai ta ɗinka mani riga, ko da nata ɗiyan za su yi Kirsimeti da tsohuwa."

Na ce, "Ba ta taɓa ɗaukarka zuwa coci ba?"

Ya girgiza kai. "Ni na roƙe ta. Ina yaro, na ga suna shirin tahiya bikin Ista, an yi kitso, an wanke atamfa. Na yi ta kuka sai an tahi da ni. Ta zaunar da ni a cinyarta, ta ce, 'Ɗana, uwarka ta bar mani kai da addininka tare. Ranar da zan gamu da ita gaban Allah, mi zan ce mata in na mayar da rabi?' Ta kai ni gidan maƙwabciyarmu, ta yi mani alkawarin tsaraba. Ban gane maganar ba sai da na haihi nawa."

Ya share ido da hannun riga. Na daɗe ina jin wa'azi kan amana a masallatai da gidajen rediyo, amma wannan amsa ta mace marar karatu mai zurfi ta shige ni ƙwarai. Yaron yana hannunta, ubansa ba ya gari, da ta so da ta yi yadda take so. Kuma addinin ba abin wasa ba ne a wurinta. Ita da ba ta kwana ba tare da addu'a ba, tabbas tana ganin hanyarta ce gaskiya. Duk da haka ta ga abin da aka ba ta ajiya ba nata ba ne.

Babbar ɗiyarta, wadda ke aure a Zuru, ta ba ni ɗaya gefen labarin ta waya. Ta ce a bangon ɗakin mahaifiyarsu hoto ɗaya ne: Yesu yana yaro, da Maryamu, da Yusufu kafinta. A koyarwar Katolika, Yusufu mariƙi ne, ya raini ɗan da ba shi ya haifa ba, kuma Lahadin da ke bin Kirsimeti ranar tunawa da wannan iyali ce. Babbar majami'ar Katolika da ke birnin Sakkwato ma sunan Iyali Mai Tsarki take ɗauke da shi. Ta ce duk lokacin da suka yi ƙorafin an fi son ɗan riƙo, sai Mama ta nuna musu hoton ta ce aikin da Allah ya ba Yusufu ne ya ba ta.

Abin da ya fi ci mata rai tsawon zamanta, in ji ɗiyar, nisa da coci ne. Limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka ne aka danƙa wa wannan yanki a 1953, ya zama dayosis a 1964, kuma faɗinsa ya haɗa Sakkwato da Zamfara da wani ɓangare na Kebbi, har da Katsina kafin a ba ta nata dayosis a 2023. Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagorantarsa tun 2011. A ƙasa mai wannan girma, Fada ɗaya, wato limamin coci, kan riƙe ƙauyuka da yawa, kuma wanda ke zaune inda gidan Katolika ɗaya ne tak yakan yi watanni bai karɓi tarayya mai tsarki ba. Ga ɗan Katolika wannan babban rashi ne, domin addu'ar gida ba ta maye gurbin hadayar da Fada ke miƙawa. Ranar Lahadi maigidan kan karanta musu Littafi Mai Tsarki na Hausa a tsakar gida, su yi waƙa a hankali don kada su dami maƙwabta. Ita kuma tana da asusun ƙasa da take jefa kuɗin daddawa, ba a fasa shi sai Ista da Kirsimeti, a biya kuɗin mota. Atamfarta ta Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, tana ninke a ƙasan akwati. Sau biyu ko uku a shekara take ɗaura ta, ta shiga sahun mata masu kaɗa tulu suna rera waƙoƙin Hausa, ta dawo muryarta a dishe, fuskarta cike da annuri.

Bayan rasuwar mijinta 'ya'yan sun yi ta roƙonta ta koma Zuru, inda coci ke bakin ƙofa. Ta ce kabarin mijinta da na ɗanta suna nan, ɗan da ta shayar kuma matarsa ta kusa haihuwa. Haka ta zaɓi zama kusa da iyali a kan abin da ranta ya fi ƙishirwa.

Ba kullum zaman ya zo da sauƙi ba. A watan Mayun 2022, da rikici mai nasaba da addini ya tashi a birnin Sakkwato har aka sa dokar hana fita, labari ya iso ƙauye ta wayoyin samari da zafinsa. 'Ya'yanta suka yi ta kira su ce ta fito. Maƙwabciyar ta ce da ta ji haka, tabarmarta ta ɗauka ta shimfiɗa a ƙofar Inna, ta kwana nan. Washegari wasu dattawa suka zo suka zauna tare da ita. Babu wanda ya yi jawabi, babu kuma wanda ya matso.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, abu ɗaya ta roƙa, a kawo mata Fada ta furta zunubanta, ya shafe ta da mai. Lokacin hanya ba ta da aminci, masu mota ba sa yarda su shiga daji bayan la'asar. Ɗan da ta shayar ne ya hau babur ya tafi, ya kwana can, da sassafe ya goyo Fada a bayansa. Ya ce ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama, da ya shiga ya tarar da fuskarta ta saki. An binne ta cikin atamfar zumunta a gefen gonar mijinta. Samarin gari ne suka haƙa kabarin, matan zumunta suka zo cikin mota guda suka yi mata waƙa, matan gari kuma suka dafa abincin baƙi.

Yanzu 'ya'yanta sun watsu, wasu a Zuru, wasu a Sakkwato. Babu sauran gidan Kirista a garin, kuma wannan ne ke damun magidancin. Ya ce yaran da ke tasowa ba su san Kirista ba sai wanda suke gani ana zagi ko yana zagi a waya, haka nan 'ya'yan 'yan'uwansa can ba su san Musulmi ba sai a labarin tashin hankali. Ina ganin damuwarsa tana kan hanya. Abin da ya tsare ƙofar Inna a 2022 shekarun itacen wanka da kunun asuba ne, kuma irin wannan sanayya ba ta gaduwa sai an taka ƙafa an je.

Shi ya sa magidancin ya riga ya ware buhun shinkafa biyu daga noman fadamarsa. Ɗiyar 'yar'uwarsa ta nono za ta yi aure a Zuru bayan Kirsimeti, kuma da babban ɗansa zai tafi.

Ya ce, "Ni ne kawun amarya, Malam. Dole shi ga inda anka zaunar da ni, shi san dangin ubanshi ne. In na mutu, shi za a kira."